Hau, Kar Mu Makara

Direban motar da ta kwashe kayanmu ya rantse akwai wurin da zai cusa babur ɗina, tsakanin katifa da firji. Na leƙa na ga wurin, na ce masa ya bari. Ba za a ɗaure mini Kunkuru da igiya kamar ragon da za a kai kasuwa ba. Da ƙafarsa zai je.

"Da wannan abin za ka yi tafiyar yini guda?" in ji direban. "Malam, ai kafin ka isa 'yarka ta yi aure."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Kunkuru ɗan ƙaramin babur ne, irin mai ƙananan tayoyin nan da mutum ke ajiye ƙafafu a gaba kamar yana kan kujerar aski. 'Yata ce ta raɗa masa sunan. Da shi nake yawon gyaran kekunan ɗinki, shago-shago, gida-gida, kuma tun da na saye shi bai taɓa wuce bayan gari ba. An yi wa matata canjin wurin aiki zuwa wani asibiti mai nisa, suka yi gaba ita da yarinyar saboda buɗe makaranta, ni kuma na tsaya in ƙarasa kekunan mutane. Na daɗe ban sa 'yata a ido ba, har abin ya fara hana ni barci. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake ce mata. Shekarunta shida, kuma ita kaɗai Allah ya ba mu.

Kullum ni ke kai ta makaranta. In na tayar da babur sai in miƙa hannu baya in bubbuga kujera in ce, "Hau, Mamana, kar mu makara." Ta haye, ta ɗaura 'yar hular kwanonta wadda ta zana wa fure da jan farcen uwarta, ta zagaye cikina da hannuwa. Duk birkin da na taka sai hular ta ƙwanƙwashi bayana. Madubin hagu kuwa na daɗe da karkatar da shi ƙasa, don in riƙa ganin ƙafarta kar ta shiga taya.

Bakanikena ya duba babur kafin tafiya, yana girgiza kai.

"Taurin kanka ya fi injin nan ƙarfi," ya ce. "To, in ka ji ya yi zafi ka kashe shi ya huta. Kuma kar ka bari dare ya same ka. Fitilarsa daga inji take shan wuta. Ka murza ta haska, ka sassauta ta lumshe, ya mutu ta mutu."

Na ce sannu ba ta hana zuwa. Ya ce ƙarasa karin maganar mana. Ban ƙarasa ba.

Na ɗaure jakata da galan ɗin mai a gaba, wajen ƙafafuna. Kujerar baya na bar ta babu kaya, sai hular Mamana da ta manta a gida, na maƙale ta da igiyarta a jikin ƙarfen baya.

Safiyar ta yi daɗi. Manyan motoci suna wuce ni, iskarsu tana neman jefa ni rami, yaran mota suna ɗaga mini hannu suna ihu. Ni ko a jikina. Da rana ta take, inji ya fara wari, na riƙa tsayawa a inuwa. Bayan la'asar ƙusa ta shiga tayar baya, na tura shi har wajen mai faci, shi kuwa mai facin kamar an aiko shi ya koya mini haƙuri. Kafin in bar wurinsa rana ta yi ja.

Ya kamata in nemi wurin kwana. Amma na riga na ce wa Mamana yau zan iso.

Magariba ta same ni a inda babu gari gaba babu gari baya. Inji ya sake ɗaukar zafi, yana ƙas-ƙas kamar keken da aka hana mai. Na hango wata tsohuwar rumfar jiran mota a bakin hanya, rufin kwanonta ya ci tsatsa, ciyawa ta cinye bencin da ke ciki. Na yi mamakin wanda zai jira mota a nan, don ko hanyar ƙafa ban ga ta fito daga dajin ba. Na kashe babur, na yi salla a gefe, na zauna ina jiran inji ya huce.

Wurin yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, alhali ko'ina a bushe yake.

Wayata ta yi ƙara. Hannuna duk baƙin mai ne, sai na danna ta da gwiwar yatsa na buɗe murya, na ajiye ta a kan bencin.

"Baba! Ka kusa?"

"Na kusa, Mamana."

"Kunkuru ya gaji?"

"Yana hutawa. Ya ce in gaishe ki."

Ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta cika rumfar. Ta ba ni labarin sabon gadonta, da sabuwar makaranta, da yarinyar da ta ara mata fensir. Ta tambaya ko na zo da hularta, na ce ga ta nan a maƙale. Uwarta ta karɓa ta yi mini faɗa kan tafiyar dare, na ce ta ajiye faɗan in zo in karɓa da hannuna.

Sai da na kashe wayar na lura babu kukan ƙwaro ko ɗaya. Ɗazu gyare yana ta ƙara. Yanzu har numfashina nake ji.

Na miƙe da sauri, na buga kik, inji ya tashi, fitila ta kawo. Zuciyata tana can wajen yarinyar, muryarta ba ta bar kunnena ba. Sabo turken wawa. Hannuna ya tafi baya da kansa, ya bubbuga kujera, bakina ya ce:

"Hau, Mamana, kar mu makara."

Na yi wa kaina dariya, na hau kwalta.

Ban yi nisa ba na ji wani ɗan sauti a bayana. Ƙas.

Na san sautin. Maɗaurin hular kwano ne idan aka datse shi a ƙarƙashin haɓa.

Na ce a raina girgizar hanya ce. Sai bayan babur ya nutsa.

Wanda ke hawa babban mashin ba zai gane ba. Ƙaramin babur ba ya ɓoye nauyi. Ko kan keken ɗinki na ɗora masa sai ya gaya mini. Yanzu gaba ya yi sakayau, kan babur yana rawa a hannuna, inji ya canza murya yana nishi. Fitila ta dushe ta koma ja. Na ƙara murza totur.

Rami ya ɓullo a gabana, na taka birki.

Ƙwal. Wani abu mai tauri ya ƙwanƙwashi tsakiyar bayana.

Hannuwa biyu, 'yan ƙanana, suka zagayo cikina a hankali suka haɗu daidai kan maɓallin rigata. Sanyinsu ya ratsa riga ya ratsa singileti. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo mini har cikin hula.

"Baba," aka ce a bayan kunnena. "Kunkuru ya huta?"

Muryar Mamana ce. Har da ɗan tsamin bakinta na wadda ta rasa haƙorin gaba.

Na ƙara riƙe kan babur.

Akwai wani sautin kuma, tun ɗazu nake jin sa ina ƙin saurara. Shuuu, shuuu, a kan kwalta, dama da hagu. Ba taya ba ce, ba salansa ba ce. Kunnena sana'ata ce, na san kukan kowane ƙarfe a jikin babur ɗin nan, wannan ba nasa ba ne.

Na saci kallon madubin hagu.

Ƙafar Mamana ko matakin baya ba ta kaiwa, a iska take lilo. Wannan ƙafar ta wuce matakin. Doguwa ce, siririya, ta lanƙwashe a gwiwa ta sake lanƙwashewa, tafinta yana jan kwalta can baya inda jan hasken danja yake ƙarewa.

Na kawar da ido. Ban sake duba madubin ba.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Nauyin ya ragu, inji ya samu numfashi, fitila ta ƙara haske. Hannuwan suka sassauta, amma ba su saki ba.

"Kai ka ce in hau," aka ce, a hankali, kamar yaron da aka yi wa tsawa ba da laifinsa ba.

Gaskiya ne. Ni na ce.

Allurar mai ta kwanta a kan ja. Nauyin ya shanye tankin tun kafin lokacinsa. Ga galan cike a tsakanin ƙafafuna, amma bakin tankin Kunkuru a ƙarƙashin kujera yake, ba a zuba mai sai an ɗaga ta, ba a ɗaga ta sai kowa ya sauka.

Can na hango farin hasken wani ƙaramin gidan mai. Mutane, na ce a raina, Allah na gode maka. Na shiga na tsaya a gaban famfo, ban kashe inji ba. Mai zuba man wani dattijo ne, yana kan kujerar roba da rediyo a cinya. Ya taso yana murmushi.

"Sannu da hanya. Haba malam, ka fito da yarinya cikin iskar nan ko rigar sanyi ba..."

Ya tsaya. Idonsa ya sauka ƙasa, ya bi wani abu a kan siminti, ya bi shi, ya bi shi, har sai da ya juya wuya.

Na tattaro muryata. "Sauka in zuba mai."

"Ba mu iso ba, Baba."

Rediyon ya faɗi. Dattijon ya ja da baya yana salati, ya shige ofis, na ji ya danna sakata. Daga ciki ya kashe fitilun gidan man gaba ɗaya.

Ban ga laifinsa ba. Na koma kan hanya.

Daga kan wani tudu na hango fitilun garin, sun bazu can ƙasa. A cikinsu akwai gidan da matata ta kwatanta mini, da ɗakin da Mamana ke zaune tana kasa kunne ta ji ƙarar Kunkuru.

Hular ta jingina da bayana.

"Baba, can ne gida?"

Na ci gaba da gangarawa.

"Sabon gadon zai ishe ni?"

Hannuwan suka ƙara matsewa.

"Idan mun je, waccan ɗin ina za ta kwana?"

A nan ne tsoron ya sauya mini. Da, tsoron mutuwa a daji nake ji. Yanzu na gane ina ɗauke da abin nan da hannuna zuwa ƙofar ɗakin 'yata, da muryarta a bakinsa, da hularta a kansa. Hawaye suka zubo mini, iska tana kai su kunnena. Na yi tunanin in karkata kan babur in faɗa rami. Amma in na mutu wa ya ce zai tsaya tare da gawata? Ya riga ya ga fitilun.

Inji ya yi tari. Fitila ta lumshe ta dawo.

A bayana aka fara rera waƙar haruffa, wadda Mamana ke yi kowace safiya a kan hanyar makaranta, har da wurin da take tsallakewa. Ba a waya ya ji wannan ba. Ban san inda ya samo ta ba, kuma ban so in sani ba. Abu ɗaya na lura da shi: duk abin da Mamana ke yi a bayan babur, shi ma yana yi, bai ƙara ba bai rage ba. Kuma kalmar da na faɗa a rumfar ta safiya ce. Tafiyar safiya ba a gida take ƙarewa ba.

"Ba gida za mu ba," na ce. Muryata ta fito kamar ta wani. "Makaranta za mu. Ba ki ji na ce kar mu makara ba?"

Waƙar ta tsaya. Jan ƙafar ma ya tsaya.

Na ci gaba da tuƙi ina jiran abin da zai same ni.

"To," aka ce.

Gidajen farko na bakin gari suka fara wucewa, wasu ba a gama gina su ba. Ina ta raba ido. Shagon walda a rufe. Wurin wankin mota. Fili. Inji yana yankewa yana kamawa. Sai ga doguwar katanga, an zana haruffa da hoton ƙwallo a jikinta, da babbar ƙofar ƙarfe an sa mata sarƙa. Babu maigadi, babu fitila.

Na sauka daga kwalta. Na taka birki. Ƙwal.

Da tsayawata inji ya mutu, fitila ta bi shi.

Duhu. Ƙarfen inji yana ƙas, ƙas, yana hucewa.

"Sauka, Mamana, mun iso," na ce, kamar yadda nake faɗa kullum. "A yi karatu da kyau."

Hannuwan ba su motsa ba.

Na riƙe numfashi.

Yatsa ɗaya ya saki. Wani ya saki. Sanyin ya zare daga cikina. Bayan babur ya taso sama har sai da ya yi ƙara. Na ji tsakuwa tana motsi a gefena, sannan wani abu yana miƙewa, yana miƙewa, gaɓoɓi suna ƙara ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ba ka cire mini hula ba."

Muryar daga sama ta zo. Sama da ƙofar ƙarfen.

Na kafe idona a kan maƙallin makulli. "Riƙe ta yau."

"Za ka dawo ka ɗauke ni?"

Tambayar Mamana ce ta kullum, kuma amsarta ɗaya ce. Na san in na canza ko kalma ɗaya wasan ya ƙare.

"Ki tsaya a bakin ƙofa. Kar ki bi kowa. Zan zo."

Na diro, na ɗaga kujera, na tuttula man galan, rabi a tanki rabi a takalmina. Wani abu yana numfashi a saman kaina, iskarsa tana taɓa wuyana. Na buga kik. Shiru. Na sake. Shiru. Na ce, Kunkuru, don girman Allah. Na buga da dukkan nauyina.

Ya tashi.

Ban waiwaya ba. Amma madubin hagu yana nan a karkace, kuma kafin in hau kwalta ya nuna mini ƙafafu biyu a tsaye a bakin ƙofa, an haɗa su wuri ɗaya, yadda yaran kirki ke tsayawa.

Da na isa gida Mamana ta fito da gudu ta faɗa jikina. Na ɗaga ta, na shafa ƙafafunta har tafin, 'yan gajeru, masu ɗumi. Na fashe da kuka a tsakar gida. Matata ta ɗauka gajiya ce. Mamana ta leƙa bayan babur ta ce ina hularta. Na ce ta faɗi a hanya.

Na yi mako a kwance da zazzaɓi. Da na tashi na kai Kunkuru wajen mai walda, na sa aka yanke rabin kujerar aka kafa akwatin kayan aikina a wurin. Na saya wa Mamana sabuwar hula. Yanzu a gaba take tsayawa, a wurin ajiye ƙafa, tsakanin hannuwana, inda nake ganin ta gaba ɗaya. Kalmar nan kuwa ban sake furta ta ba, ko a mafarki. Makarantar da na tsaya a ƙofarta tana can ɗaya gefen garin, ban sake bin unguwar ba, na ce shi ke nan.

Jiya aiki ya riƙe ni, na je ɗaukar ta an riga an watse. Na same ta ita kaɗai a bakin ƙofar makarantarsu, tana ɗaga wa gefen katanga hannu. Na duba, ban ga kowa ba.

"Wa kike wa sallama?"

"Ƙawata. Kullum ita ce ta ƙarshe. Babanta ya ce ta tsaya a bakin ƙofa zai zo, har yanzu bai zo ba." Ta hau gaba ta riƙe kan babur. "Baba, hularta irin tawa ce da ta ɓata. Har da furen."

Na buga kik, ƙafata ta zame. Na sake bugawa.

"Mu rage mata hanya mana, Baba. Kai ka ce ba kyau a bar mutum a hanya."

"Babu wuri, Mamana. Kin ga akwati ne a baya."

Ta ɗago kai ta dube ni, ta yi murmushin nan nata mai giɓi. Sannan ta tattara ƙafafunta gefe guda, ta buɗe wuri a kusa da ita.

"Ai na matsa mata," ta ce, ta juya wajen katangar ta buɗe baki.

Na toshe bakin da tafin hannuna, na murza totur. Har muka isa gida ban cire hannun ba. Yau da safe ta tambaye ni me ya sa, na ce ƙura ce. Gobe ma akwai makaranta, kuma Mamana yarinya ce mai tausayi.